Zaman ƙauye a kudancin Jamus: neman shawarar waɗanda suka riga ni

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na samu aikin jinya a wani gidan kula da tsofaffi da ke cikin ƙaramin ƙauye a tsaunukan Schwäbische Alb, a jihar Baden-Württemberg, kuma gari mai ɗan girma da ya fi kusa da mu shi ne Reutlingen. Aikin kansa bai gagare ni ba, alhamdu lillahi, zaman ne ya yi mini nauyi. Bas ɗin ƙarshe yana wucewa da wuri, ranar Lahadi shaguna a rufe suke, tsofaffin da nake kula da su suna magana da karin harshen yankin wanda ya sha bamban da Jamusancin da na ci jarrabawar ƙwarewar harshe ta matakin B2 da shi, maƙwabta kuma suna amsa gaisuwa amma har yau babu wanda ya leƙo. Maigidana da 'yarmu suna tafe in sha Allahu, ina so kafin su iso in san abin da ya kamata in fara gyarawa.

Baban Yasir:
Wa alaikumus salam. Maman Hanifa, barka da zuwa, Allah Ya sa an zo a sa'a. Idan shawarata za ki bi, ki sa maganar lasisin tuƙi a gaban komai, domin a ƙauyen Jamus wanda ba shi da mota kusan duk al'amuransa a hannun wasu suke. Lasisin da aka zo da shi daga Najeriya wata shida kacal yake aiki daga lokacin da mutum ya zauna a ƙasar, bayan nan sai an rubuta jarrabawa an kuma yi gwajin tuƙi a kan titi kafin a ba da na Jamus. Wanda yake da lasisin gida ba a tilasta masa cika adadin darussan da ake ɗora wa sabon shiga, amma dole ya yi rajista a makarantar tuƙi, a gwada idonsa, ya kuma halarci horon taimakon gaggawa na yini ɗaya. Kada ki bari wata shidan su cika kafin ki shigar da takardu, saboda sukan daɗe a ofis. Mai farawa daga tushe kuwa yakan kashe Yuro dubu uku ko fiye. Idan iyalinki sun iso, a yi musu rajistar adireshi cikin mako biyu, da takardar shaidar mai gidan haya a hannu, kuma ki duba ranakun da ofishin ƙauyen yake buɗewa, domin ba kullum ba ne.

Ɗan Damagaram:
Ƙari a kan abin da Yaya Baban Yasir ya faɗa, ana iya rubuta jarrabawar da Turanci ko Faransanci ko Larabci, gwajin titi ne kawai ake yi da Jamusanci. Kafin motar ta samu, ki yanki tikitin wata-wata na Deutschlandticket, wanda aka fara a watan Mayun 2023 a kan Yuro 49 a wata, aka mayar da shi 58 a farkon 2025. Yana aiki a bas da jiragen ƙasa na yanki a duk faɗin ƙasar, ban da masu dogon zango irin su ICE. Ki kuma duba ƙasan jadawalin da ke manne a tashar bas, sau da yawa akwai ƙaramar mota ta dare wadda ba ta zuwa sai an kira ta kusan sa'a guda kafin lokaci, mutane da yawa ba su ma san da ita ba. Idan kin sayi mota, tayoyin hunturu daga Oktoba zuwa bikin Ista ba abin wasa ba ne a kan tsaunukan nan, kuma ki rage gudu da asuba da almuru a hanyoyin daji saboda barewa da aladen jeji.

Hajiya Babba:
Ƙanwata, ni a kan maganar maƙwabta zan tsaya, domin a nan ne na ga yawancinmu muke karaya. A gida baƙo ake zuwa gaisarwa, a nan kuwa baƙon ne ake jira ya ƙwanƙwasa ƙofa ya gabatar da kansa. Shirun da kike gani ba lalle ne ya zama ƙiyayya ba, suna ganin shiga harkar mutum ba tare da ya nema ba rashin ladabi ne. Ki zaɓi wata Asabar da yamma, ki buga ƙararrawar gidan da ke dama da na hagu da na gaba, ki faɗi sunanki da inda kike aiki, ki tsaya a bakin ƙofa minti biyu ki wuce. Idan suka ji tsofaffin ƙauyen kike kula da su, za ki ga fuska ta sake, domin da wuya a rasa wanda gwaggonsa ko mahaifinsa yake can.

Bayan haka, mutanen Schwaben, wato 'yan yankin da kike zaune, da ido suke auna baƙo kafin su auna shi da baki. Suna da al'adar Kehrwoche, wato makon shara, inda wani ɗan allo yake zagayawa daga ƙofa zuwa ƙofa, wanda aka rataya wa shi ne zai share matakala da gefen titi a wannan makon, a hunturu kuma ya kwashe ƙanƙara ya watsa tsakuwa tun da sassafe. Ki karɓi kalandar kwashe shara ki manna a bangon kicin: takarda daban, ragowar abinci daban, leda da gwangwani a jakar rawaya, sauran tarkace daban, kwalba kuma a kai ta manyan akwatunan bakin hanya amma ban da ranar Lahadi. Daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe a rage hayaniya. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne suke sa wata tsohuwa ta ce wa wata, baƙuwar nan tana da tsari, kuma a ƙauye wannan shaidar tana yawo da sauri.

Babbar ƙofar shiga cikinsu kuwa ita ce ƙungiya. Jamus tana da ƙungiyoyi masu rajista fiye da dubu ɗari shida, kuma a ƙauye kusan duk zumunci a cikinsu ake yi: ta wasanni, ta matan karkara, ta lambu, ta agaji ta Red Cross. Ki sa Hanifa a wasan motsa jiki na yara, ke kuma ki ɗauki nauyin yin kek ranar bikinsu. Maigidanki idan yana da lafiya ya leƙa 'yan kwana-kwana na sa-kai, waɗanda su ne suke kashe gobara a mafi yawan ƙauyuka, kamar aikin gayya ne a wurinmu, wanda ya fito ba a manta masa. A can ne kuma kunne yake sabawa da karin harshensu.

Likita:
Hajiya, na yarda da yawancin bayaninki, amma zan ɗan saɓa. Ba kowane shiru ne kunya ba. Akwai wanda ko shekara nawa aka yi ana share masa ƙofa ba zai amsa gaisuwar baƙar fata ba, kuma bai kamata Maman Hanifa ta ɗauka laifinta ne idan ta haɗu da irinsa. Idan abin ya shafi wurin aiki ko neman haya, akwai dokar hana wariya ta 2006 da ofishin tarayya mai ba da shawara kyauta, a riƙa rubuta rana da abin da aka faɗa. Haka kuma ba aibi ba ne mutum ya yi aiki a ƙauye ya kwana a gari. Hayar ƙauye ta fi sauƙi, amma idan aka haɗa kuɗin mota da mai da kaɗaicin maigidan da bai fara aiki ba, wani lokaci ƙaramin gari mai tashar jirgi da makarantar manya ta Volkshochschule, inda zai yi darasin harshe na sa'a 600, ya fi alheri.

Ta ɓangaren lafiya, ki nemi likitan iyali tun kafin ciwo ya zo, domin na karkara sun yi ƙaranci kuma wasu sun daina karɓar sababbin mutane. Idan an rufe asibitinsa a kira 116117, idan rai ne a kira 112. A watan Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe huɗu da rabi, masu duhun fata kuma sun fi fuskantar ƙarancin bitamin D, don haka a gwada jini, kuma idan kasala da ƙuncin zuciya suka daɗe a faɗa wa likita ba tare da jin nauyi ba. Sannan kusan duk jiharku yankin kaska ce mai ɗauke da ciwon kumburin ƙwaƙwalwa, akwai rigakafi, inshora tana biya, kuma a riƙa duba jikin yarinya duk lokacin da ta dawo daga cikin ciyawa.

Maman Sadiq:
Batun tukunya kuma, Anti, ba sai kin je Stuttgart kowane mako ba. Shinkafar Milchreis da ke kowane kanti tana yin tuwon shinkafa mai kyau, tana kuma yin masa. Alayyafo daskararre da kabewar kaka da man gyaɗa marar sukari sun ishe ki miyar taushe. Kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa ne kawai sai shagon 'yan Afirka, ki saya da yawa lokaci guda. Ƙwai da dankali da madara ki saya a ɗan shagon gona, wani lokaci ba mai jira sai akwatin saka kuɗi, don haka ki riƙa yawo da tsaba, madarar kuma a tafasa ta. Ki kiyaye abincin yankin irin su Maultaschen da Leberkäse saboda naman alade, alewar roba saboda sinadarin gelatin da sau da yawa ake samowa daga alade, da kek ɗin Schwarzwald mai ceri saboda giya.

Malam Na Ulm:
Game da ibada, tun yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata ta 1961 tsakanin Jamus da Turkiyya, Turkawa suka bazu a ƙananan garuruwa masu masana'antu, shi ya sa da wuya a yi tafiyar rabin sa'a a yankinku ba a samu masallacinsu ba, kusa da shi kuma akwai mahauci mai naman halal. Maigida ya fara da Juma'a a can, a nan zai samu wanda zai riƙa rage masa hanya. A watan Yuni magariba tana kaiwa wajen tara da rabi, isha ta wuce sha ɗaya, asuba ta biyo baya ba da jimawa ba, to ki karɓi jadawalin masallaci guda ki tsaya a kansa, ki kuma tsara shi da lokutan aikinki. Yanka dabba ba tare da an fara sumar da ita ba doka ta hana sai da izini na musamman, shi ya sa da yawanmu muke aika kuɗin layya gida.

Maman Hanifa:
Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya. Tambaya biyu suka rage mini. An yi mini tayin wani aiki a gidan tsofaffi na coci kusa da tashar jirgi, shin za a bar ni da ɗankwalina? Kuma maigida yana so ya taho mana da kilishi da man shanu.

Likita:
Kilishi da man shanu ya bar su, dokar Tarayyar Turai ta hana shigo da nama da kayan madara a jakar matafiyi daga ƙasashen waje, ana ƙwacewa kuma ana iya cin tara. Kuka da yaji da daddawa su ne ya kamata ya cika jaka da su. Batun ɗankwali kuma, gidajen coci da yawa suna da ma'aikata masu rufe kai, amma a 2014 kotun ƙwadago ta tarayya ta yanke cewa asibitin coci yana iya hanawa, don haka ki yi tambayar ƙarara a ranar ganawa, ki nemi a rubuta miki amsar kafin ki sa hannu ko ki ajiye aikin da kike kai.