Neman shawara: & ɗaya da && biyu sun hana injin ruwanmu tashi

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ku taimaka mini, yau kwana uku ke nan ina fama. Ina haɗa wata 'yar na'ura da Arduino Uno (ƙaramin allon lantarki da ake rubuta wa firogiram) wadda za ta riƙa kunna injin jan ruwa na gidanmu in tanki ya yi ƙasa, ta kashe shi in ya ɗau zafi. Mahaifiyarmu ce ke fita tun da asuba tana duba tankin, kuma ƙafarta na damunta, shi ya sa na ɗau aikin nan da zafi.

Na zuba halin da ake ciki a lamba guda mai suna hali. 1 na nufin tanki ba ruwa, 2 akwai wuta, 4 inji ya yi zafi. In biyu sun haɗu sai in tara su, wato 3 ita ce ba ruwa kuma akwai wuta. Sai na rubuta:

if (hali && 4) kasheInji();

Inji ya ƙi tashi sam, alhali in ka taɓa jikinsa sanyi ƙalau. Wani abokina ya ce in cire & ɗaya. Na cire, nan wurin ya gyaru. Ganin haka na bi dukan kod ɗin na mayar da kowane && ya koma &. Yanzu layin da ke duba ko sensa biyu na aiki, if (karatu1 & karatu2), yana ce mini babu komai, ga shi ina ganin 512 da 300 a fuskar kwamfuta da idona. Wanne ne daidai a cikinsu?

Wani malamin kwamfuta:

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi maka albarka da wannan niyya. Duka biyun daidai ne, aikinsu ne daban.

&& tambaya ɗaya yake yi wa kowane ɓangare: kai sifili ne ko ba sifili ba? A harshen C duk lambar da ba 0 ba gaskiya ce, ko 1 ce ko 900. To 4 ba ta taɓa zama sifili, saboda haka layinka na farko cewa yake: muddin hali ba 0 ba ne, a kashe inji. Da wuta ta zo hali ya zama 2, shi ke nan an kashe. Bai ma san akwai maganar zafi ba.

& ɗaya kuwa sai ya kwance lambobin biyu zuwa 0 da 1, ya jera su ɗaya a kan ɗaya, ya bi su gurbi-gurbi. Inda aka sami 1 sama da ƙasa ya ajiye 1, sauran duk 0. Ɗauki biro ka gwada. 3 ita ce 011, 4 ita ce 100, babu gurbin da suka haɗu, amsa 000, inji ya ci gaba da aiki. In hali ya zama 6, wato 110, gurbin hagu ya dace da na 4, amsa 100, sai a kashe. Abin da kake nema ke nan.

Ga kuma 512 da 300 ɗinka:

1000000000
0100101100

Duba da kyau, babu inda 1 ta hau kan 1. Amsa 0 ce, shi ya sa ya ce maka babu komai. Wannan layin && yake buƙata, domin kana tambaya ne ko kowannensu ya kawo wani abu. Ka mayar da waɗanda ka canza ɗaya bayan ɗaya, kana tambayar kanka a kowane layi: gaskiya da ƙarya nake haɗawa, ko gurbin cikin lamba nake leƙawa?

Wata 'yar'uwa mai rubuta manhaja:

Bayanin Malam ya wadatar, sai dai akwai wani bambanci da nake so ka riƙe tun yanzu. && in ya ga ɓangaren hagu ƙarya ne, ba ya ko kallon na dama. ||, mai nufin "ko", ma haka, in hagu gaskiya ne ya gama. & da | (ɗan'uwan || mai bin gurbi-gurbi) kuwa dole su lissafa ɓangarorin biyu. Mu kan dogara da wannan kullum, misali:

if (adadi != 0 && jimla / adadi > 10)

Hagun shi ne mai gadin daman. Ka sa & a nan, za a raba da sifili ko da adadi 0 ne, kuma a kan kwamfuta firogiram ɗin na iya mutuwa nan take. Na taɓa kwana biyu ina neman irin wannan kuskuren a wurin aiki, saboda ba kullum yake fitowa ba, sai ranar da jerin ya zo babu komai a ciki.

Mai tambaya:

Na gode Malam, na gode Yaya. Na gyara na sensa ya yi. Amma don in ƙara tabbatarwa na rubuta if (hali & 4 == 4), sai abu ya juye. Yanzu da zarar tanki ya ƙare inji ke mutuwa, na kuma ɗumama sensar zafi da hannuna bai kashe ba.

Wani dattijo da ya daɗe yana C:

Yaro, cire wutar injin tukuna kafin ka ci gaba, don a yadda yake yanzu zai iya ƙonewa ba tare da na'urarka ta tsayar da shi ba.

A C, == (mai duba ko ɓangarori biyu daidai suke) ake fara lissafawa kafin &. Don haka an fara duba 4 == 4, ya ba da 1, layinka ya koma hali & 1, wato gurbin tanki ba ruwa kake dubawa. Sa baka: if ((hali & 4) == 4), ko ka bar shi if (hali & 4) kawai, ya isa.

Ba kai kaɗai wannan ramin ya kama ba, kuma yana da tarihi. Harshen B, wanda C ya fito daga cikinsa, & ɗaya ne ke yin aikin biyu. Lokacin da Dennis Ritchie ke gina C a Bell Labs ta Amurka, wajen 1972, Alan Snyder ya ba shi shawarar a ware && da ||. An ware, amma aka bar & a matsayinsa na da, ƙasa da ==, don kada tsofaffin firogiram su lalace. Ritchie da kansa ya amince daga baya cewa da an sauya da ya fi. Java da JavaScript duk sun gaji wannan tsarin. Ni dai duk inda & ko | suka haɗu da kwatance, baka nake sawa ko da na san doka.

Ka kuma shiga saitin Arduino IDE, manhajar da kake rubuta kod ɗin a ciki, ka ɗaga gargaɗin kwamfaila (mai fassara wa na'ura kod ɗinka) zuwa All. Da yana kunne, da ya nuna maka layin nan da kansa.

Wani ɗalibi mai koyon Python:

Mu a wajenmu and da or ake rubutawa a madadin && da ||. Kuma & ake fara lissafawa kafin ==, don haka layin da ya ba ka matsala da a Python ne da ya yi daidai. Amma hakan ma na cizon mu a pandas (kayan aikin Python na sarrafa bayanai), dole kowane sharaɗi ya shiga bakarsa kafin a haɗa su da &.

Malamin kwamfuta:

Saura abu ɗaya da na hango tun a saƙonka na farko: ka ce tarawa kake yi. Daina. In madauki, wato sashen kod mai maimaita kansa, ya zagayo sau biyu inji na da zafi, 4 da 4 sun zama 8, gurbin zafi ya goge ke nan. Kunna gurbi da hali |= 4, ko sau ɗari ka maimaita ba zai canza ba. Kashe shi da hali &= ~4. Kula, ~ ce ba ! ba. !4 sifili ce, za ta share maka komai. ~4 kuwa tana juya kowane gurbi, a lamba mai gurbi takwas (bit 8) ta zama 11111011, sai ta taɓa na zafi kaɗai ta bar sauran.

Mai tambaya:

Alhamdu lillahi, ya yi. Na cire injin na gwada da ƙwan fitila tukuna kamar yadda Baba ya ce a yi hattara, na bi lambobin daga 0 zuwa 7 ɗaya bayan ɗaya ina rubuta su a takarda. Daga 4 zuwa 7 ya kashe, a 3 kaɗai ya kunna. Na kuma sami wurare biyu da nake tarawa, na mayar da su |=. Da yamman nan na jona injin, tanki ya cika ya tsaya da kansa, Umma na tsaye tana kallo. Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya.