Darasin gizagizai: wace hanya ce ta fi?

Malama Hauwa: Salamu alaikum 'yan zaure. Mako mai zuwa zan koya wa 'yan ƙaramar sakandare ire-iren gizagizai da nisan kowanne daga ƙasa. Hotunan littafinmu baƙi da fari ne, duk sun zama iri ɗaya. A taimaka da shawara.

Malam Isiyaku: Wa'alaikumus salam Malama. Ki raba musu hawa uku. Na ƙasa bai wuce kilomita 2 ba, na tsakiya daga 2 zuwa 8, na sama daga 6 har 18. Amma ki duba littafin naki da kyau, da yawa alƙaluman ƙasashen Turai suke kawowa, inda na sama ke tsayawa a kilomita 13. A yankin zafi irin namu gizagizai sun fi haka hawa.

Aminu Kawo: Malam, da gaske ne na saman nan ƙanƙara ne? Da wannan ranar ta Kaduna?

Malam Isiyaku: Ƙwarai kuwa. Duk kilomita ɗaya da aka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6.5. Ka ɗauka muna 35 a ƙasa, kilomita 10 a sama an kai wajen 30 ƙasa da sifili. Siraran fararen nan da ake kira siras ɓurɓushin ƙanƙara ne zalla.

Baba Ɗanladi: Ni dai lissafin nan ya yi wa yara yawa a rana ɗaya. 'Yata, tunda damina ta kama, fitar da su fili da hantsi su ga ƙananan fararen nan masu shafaffen gindi. Ki ce da la'asar kowa ya dubi gabas daga gida. Su ɗin ne ke tasowa su zama hadari, gindi a ƙasa-ƙasa, kai ya haura kilomita 15 ya baje kamar uwar maƙera. Yaron da ya ga wannan da idonsa, sai ki ba shi sunan kumulonimbas daga baya.

Maman Khalifa: Ki haɗa da gwajin kwalba. Ruwan zafi kaɗan, a kyasta ashana a kashe a jefa ciki, a rufe da faranti mai ƙanƙara a kai. Nan take gajimare zai haɗu a ciki. Kada ki zuba tafasasshe, kwalbar na iya tsagewa.

Aminu Kawo: Hotuna kuma, Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya tana da kundin gizagizai kyauta a intanet, da manyan iri goma. Ki sauke a gida, yana cin data.

Baba Ɗanladi: Za su tambaye ki hazon hunturu, ki shirya. Wannan ƙura ce iska ke kwasowa daga Sahara, musamman yankin Bodele na ƙasar Chadi, ba ya cikin lissafin gizagizai.

Malama Hauwa: Na gode, Allah ya saka da alheri. Baba, darasin nawa ƙarfe takwas ne na safe, ko zan samu ƙananan fararen gizagizan a lokacin?

Baba Ɗanladi: Da wuya. Sai rana ta gasa ƙasa suke tasowa. Ki roƙi wani malami ku yi musanya, ki karɓi wajen sha ɗaya.