Masu tseren ƙananan motocin lantarki a Kaduna, kuna ina?

Ɗan Barnawa: Jama'a don Allah akwai mai harkar ƙananan motocin nan masu bin layin wuta? Na samu Scalextric a gwanjo na shimfiɗa a falo, yara na barci ni ina ta tsere abuna wallahi akwai daɗi, amma kullum motar sai ta watse a kwana.

Kawun Tudun Wada: Sassauta yatsa kafin kwanar, ba a shigarta da cikakken gudu. Ka riƙa goge ƙarafunan layin ma, ƙurar hunturu na hana wuta kamawa.

Hajiyar Malali: Haba malam, da girmanka?

Kawun Tudun Wada: Hajiya ai manya ke tara su, tun 1957 aka fara Scalextric a Ingila. Ɗan Barnawa kawo motarka ranar Asabar mu gwada, akwai sola a gidana.