Siyasa a zauren lakca: me kuka gani da idonku?

Tsohon Hedimasta, ƙasar Ɗambatta

Assalamu alaikum. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun da yarona ya dawo hutu. Yana aji biyu a jami'a, yana karanta kimiyyar siyasa. Shekaranjiya muna ɗaurin dawa a gona na tambaye shi karatu, sai ya ce akwai wani malaminsu da in ya shigo aji, rabin lokacin a kan sukar jam'iyya ɗaya yake ƙarewa, kuma kowa ya san wadda yake yi wa aiki. Na ce to kai me kake cewa? Ya ce, "Baba, ai wuƙa da nama suna hannunsa. Mu dai mu rubuta abin da yake so mu wuce."

Amsar nan ta fi damuna a kan halin malamin. Buhun gero shida na sayar kafin kuɗin rajistarsa su cika, kuma ba don ya koyo yin shiru na tura shi ba. Mahaifina ɗan NEPU ne, har ɗauri ya sha saboda ya ƙi rufe baki. Sai ga jikansa yana ɓoye abin da ke ransa don maki. A ɗaya gefen kuma, ni ma na riƙe alli shekara talatin da biyar, ba na son ganin malamin da aka ɗaure wa baki. Don Allah wanda ya zauna a aji, ɗalibi ko malami, ya faɗa mana abin da ya same shi. Kada a kama sunan makaranta ko na malami.

Ɗan Gwarzo

Wa alaikumus salam Baba. Yaronka bai yi ƙarya ba, ni ganau ne. A 2019 ina aji uku lokacin da aka raba masarautar Kano, aka ƙirƙiro Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye. Malaminmu ya ba mu aikin gida mu rubuta a kan dokar. Tun kafin ya bayar ya riga ya gaya mana cewa duk mai goyon bayan rabon bai san tarihi ba. Ni kuwa daga yankinmu nake kallon abin: mutanenmu suna ganin in fada ta matso kusa, hanya da asibiti ma za su matso. Na rubuta haka, na kawo hujjojina, har na kawo na masu adawa na amsa su.

Uku bisa ashirin ya ba ni. Babu gyara ko ɗaya a jikin takardar, sai layi ja a ƙarƙashin sunan garinmu. Abokina da ya kwafe bayanin malamin kalma da kalma ya samu goma sha bakwai. An ce mini ina iya neman a sake duba takardar, amma sai na biya kuɗi, kuma shi ne zai ɗauke mu wani kwas ɗin a aji huɗu. Na haɗiye. Yau ra'ayina a kan masarautun ya ɗan sauya, musamman bayan na ga yadda aka soke dokar a 2024 aka koma kotu ana ta ja. Amma ba shi ya sauya ni ba. Da ya zaunar da ni ya nuna mini inda hujjata ta karye, da tun a lokacin na karɓa.

Malama daga Birnin Kudu

Allah ya ba ka haƙuri ƙanena. Nawa labarin akasin naka ne, kuma ina so Baba Hedimasta ya ji shi don kada a yi wa malamai kuɗin goro.

A kwalejin ilimi muna da malamin tarihi wanda bai taɓa ɓoye cewa shi ɗan gidan Malam Aminu Kano ne a aƙida ba. In ya fara zancen talaka da sarauta har muryarsa rawa take yi. Ni kuma jikar dagaci ce. Ranar da ya ce masu unguwanni da dagatai su ne sandar da aka daki talaka da ita, ban san lokacin da na ɗaga hannu ba. Na ce kakana ya sha sayar da tumakinsa ya cika harajin mutanen da fari ya cinye wa gona. Aji ya yi tsit, ƙawata tana ta jan mayafina.

Bai yi fushi ba. Ya ce, "To Malama, ki je gida ki kawo mini shaida." Ya ba ni aiki in zauna da tsofaffi biyar a garinmu, biyu daga gidan sarauta, uku daga cikin waɗanda aka karɓi haraji da jangali a hannunsu kafin gwamnatin Abubakar Rimi ta soke su a 1979. Na je. Na ji abin da ya wanke kakana, na kuma ji abin da ya sa na yi kuka, domin wani tsohon Bafulatani ya ba ni labarin shekarar da ya kwana uku a daji da shanunsa yana gudun masu ƙirga. Na rubuta duka biyun. Ni na fi kowa maki a kwas ɗin, kuma har na gama bai daina ra'ayinsa ba, ni ma ban zubar da nawa gaba ɗaya ba. Malami ya kasance da ra'ayi ba laifi ba ne a wurina. Abin dubawa shi ne me yake yi da jan bironsa in ka saɓa masa.

Mai shagon taki, Gezawa

Ni ban yarda ba. An ɗauke ka ka koyar da lissafi, ka koyar da lissafi. Namu malamin kimiyyar haɗa sinadarai lokacin zaɓen 2023 sai da ya cinye mako uku yana yi mana kamfen, ƙarshen zango aka haɗa mana babi huɗu a kwana biyu. Mai son siyasa ya je ya yanki fom.

Lakcara, ɗan ƙasar Haɗejia

Alhaji mai taki, a kan malamin sinadarai ka yi gaskiya, cin amanar lokaci ne. Amma maganar nan taka ta cewa malami ya tsaya ga abin da aka ɗauke shi ya koyar tana da tarihi, kuma tarihin ba mai daɗi ba ne. Bayan an harbe ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello a watan Mayun 1986, kwamitin da gwamnatin soja ta kafa ƙarƙashin Janar Abisoye ya zargi wasu malamai da koyar da abin da ba a biya su su koyar ba. Da wannan zargin aka yi ta farautar malamai. A 1988 aka ɗauki Patrick Wilmot, malamin nazarin zamantakewa a Zariya, aka fitar da shi daga ƙasar. A shekarar aka haramta ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU lokacin Attahiru Jega yana shugabanta, aka sake haramta ta a 1992. Duk wanda ke kan mulki, abin da ya sosa masa rai shi ne "abin da ba a biya ka ka koyar ba".

Ni tattalin arzikin noma nake koyarwa. Ku gaya mini yadda zan yi bayanin farashin shinkafar kwarin Haɗejia ban taɓo cire tallafin mai na 29 ga Mayun 2023 ba, alhali lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kuma injin ban-ruwa da fetur yake aiki. Ta yaya zan koyar da rabon taki ban faɗi cewa a garuruwa da yawa ta hannun shugabannin mazaɓa yake bi ba? Ɗalibaina 'ya'yan manoma ne, sun fi ni sani.

Bara na yi lakca ta awa biyu a kan tallafin. Na kawo hujjar masu cewa kuɗin yana zurarewa ta fasa-ƙwauri zuwa maƙwabta, na kawo ta masu cewa an cire ba a tanadi komai ba. Wani ɗalibi ya ɗauke ni da waya, ya yanko daƙiƙa arba'in inda nake faɗin wahalar mai noman rani, ya sa a Facebook ya rubuta cewa malami yana zagin gwamnati a aji. Kafin la'asar sojojin baka sun yi caa a kaina. Washegari wani babba ya kira ni ofis. Bai ba ni takardar tuhuma ba, cewa kawai ya yi, "Malam, kana da iyali, ka riƙa tauna magana." Mahaifiyata da ke ƙauye har aike ta yi mini in rufa mata asiri.

Zan faɗi abin da nake jin nauyin faɗa. Bana da na zo wannan babin, na karanta musu abin da ke littafi, na rubuta alƙaluma a allo, na fita. Wata ɗaliba ta biyo ni ta ce, "Malam, yayyenmu sun ce a nan ne kake buɗe muhawara." Na ce lokaci ne ya ƙure. Ba lokaci ba ne. Kuma su ma ɗaliban a tsorace suke. Duk sun san labarin ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kama a ƙarshen 2022 saboda rubutun da ya yi a Twitter a kan uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, sai da ƙasa ta ɗauka kafin a janye ƙarar. Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, amma yaron da ubansa ya ci bashi ya kai shi makaranta ba zai gwada sashen da kansa ba.

Dattijo daga Kazaure

Malam, Allah ya ƙara maka ƙarfin zuciya. Ni na yi jami'a lokacin Santsi da Taɓo, jam'iyyar PRP ta dare gida biyu, malamanmu ma haka. Za ka fito daga ajin ɗan Santsi ka shiga na ɗan Taɓo, kowa ya ba ka littattafan da za ka je ka karanta, da daddare a ɗakin kwana mu raba dare muna musu. Har Zariya muke hawa mota don mu ji Dakta Bala Usman yana magana a taro. Ba na cewa zamanin ya fi lafiya. A watan Yulin 1981 aka kashe Dakta Bala Muhammad a tarzomar Kano, malamin jami'a ne da ya zama mai ba Rimi shawara kan siyasa. Na san ɗaliban da suka yi makonni ba su dawo daidai ba. Amma abu ɗaya zan shaida: malamin da na fi yi wa gardama a aji shi ya duba furojet ɗina, shi ya rubuta mini takardar shaida da na samu aikina na farko da ita. Ra'ayinsu a fili yake, kunyar su taɓa makinka kuma tana nan.

Ɗalibi a aji huɗu, Rano

Baba, mu yanzu hula muke lura da ita. Akwai malamin da in za ka shiga ofishinsa sai ka cire jar hula ka sa a jaka, akwai wanda in ka sa ta aikinka ya yi sauƙi. Babu wanda ya rubuta wannan a allon sanarwa, 'yan aji na gaba ne suke gaya wa na baya. Abin da ya taimake mu a sashenmu shi ne sabon shugaban sashe ya ce lamba kawai za a riƙa rubutawa a takardar gwaji, ba suna, kuma duk malami ya dawo mana da takardunmu mu ga inda aka rage. Tun daga nan yara suka fara ɗaga hannu.

Tsohon Hedimasta, ƙasar Ɗambatta

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya bayan isha'i na karanta wa yaron duka, na Malama ta Birnin Kudu har sau biyu. Na tambaye shi ko ya taɓa gwada ɗaga hannu a ajin malamin nan. Ya ce a'a, babu wanda ya taɓa, jita-jitar 'yan gaba da su ce suka gada. Mun yi da shi cewa in sun koma zai yi tambaya ɗaya, cikin ladabi, da hujjar da ya karanto, kuma zai ajiye kwafin duk aikin da ya miƙa. Na ce masa in aka kayar da shi saboda haka, ni zan sa rigata in je wurin shugaban sashe, kuɗin sake duba takarda kuma akwai ɗan akuya a turke.

Malam na Haɗejia, ɗalibar nan da ta biyo ka tana nan a ajinka har yanzu? In tana nan, ina roƙonka ka kira ta da 'yan ajinsu, ko a gindin bishiya ne, kowa ya ajiye wayarsa a gefe, ka yi musu babin nan yadda ka saba yi.