Ina ɗana zai samu takardar shaidar asali?

Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah ku ba ni shawara. Kakanmu ya zo Filato haƙar kuza tun zamanin Turawa. Nan aka haifi mahaifina, nan aka yanke cibiyata. Yanzu ɗana na neman aikin soja, an ce sai da takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma. A nan an ce mu baƙi ne. Na je ƙauyen kakanmu a ƙasar Katsina, dagaci ya ce bai san gidanmu ba, ba zai sa hannu ba.

Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda asali, amma ga yaro zaune a gida, abin yana ci mini rai. Wanda ya taɓa warware irin wannan, ta ina ya bi? Takardar rantsuwar kotu za ta wadatar, ko sai na nemi lauya?