Wai reluwe na iya bi ta gonarka ba ko sisi?

Ɗan Bajoga: Jama'a, ana ta yaɗawa cewa in gyaran layin dogon Fatakwal zuwa Maiduguri ya iso Gombe, hukumar reluwe tana da ikon ratsa gonar kowa, ba ta biyan ko sisi. Masana, ku fito.

Barista: Ba gaskiya ba ne. Dokar Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Sashe na 28 ya ba shi ikon soke haƙƙin wanda ke kan fili saboda amfanin jama'a, layin dogo kuwa yana ciki. Amma sashe na 44 na kundin tsarin mulkin 1999 ya wajabta biyan diyya ba tare da jan ƙafa ba.

Baba Manomi: Barista, diyyar me? Faɗa musu.

Barista: Ta abin da ke kan filin, Baba: gini, rijiya, amfanin gona, itatuwa. Sashe na 29 na Dokar Filaye ke nan.

Baba Manomi: To kun ji! Ƙasar da kanta fa? Su zo da takarda su ƙirga mangwaro biyu, ɗorawa ɗaya, kuka ɗaya, su rubuta, su kafa dutsen safiyo a tsakiyar kunya. Gonar da kaka ya sare dajinta kuma ba ta da kuɗi. In an zo da rani, an girbe dawa, sai kara kawai, me za a ƙirga? Ni a wurina wannan da ƙwace duk kanwar ja ce.

Hajiya Mai Atamfa: Baba, a yi haƙuri, amma ba a lanƙwasa layin dogo don gonar mutum ɗaya. Jirgi ya iso Bauchi a 1961, Gombe a 1963, Maiduguri a 1964, ta gonakin mutane ya bi. Auduga da gyaɗar da aka riƙa lodi a tashar nan su suka raya kasuwar garin.

Tsohon Ma'aikacin Reluwe: Kuna ta maganar sabon fili, alhali rigimar tana kan tsohon. Tun da jirgi ya daina zuwa, mutane suka gina shaguna da gidaje daf da layi. Sashe na 49 na Dokar Filaye ya bar wa gwamnatin tarayya da hukumominta filayen da suke riƙe da su tun kafin dokar. Wanda ya yi gini a can, da wuya ya ga diyya.

Ɗan Bajoga: Ko da yana da takardar mai unguwa, Yallaɓai?

Tsohon Ma'aikacin Reluwe: Mai unguwa ba ya sayar da abin da ba nasa ba.

Barista: Ku ƙara da wannan: a Maris 2023 Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki, jihohi ma yanzu suna iya shimfiɗa nasu layin. Gwamnan da ke son layin shi ne kuma mai soke takardar filin.

Baba Manomi: Tirƙashi. Wa za a kai wa ƙara in kuɗin ya yi kaɗan?

Barista: Dokar Filaye ta ce kwamitin rabon filaye na jiha, Baba. Gwamna ne ke naɗa mambobinsa.