Waɗanda suka bar babban birni suka koma garin da bai kai shi ba, yaya kuka ga zaman?

Magidanci daga Rijiyar Zaki: Assalamu alaikum. An yi mini canjin wurin aiki zuwa Dutse, wata mai kamawa zan fara. Shekarata 14 a Kano. Uwargida ta ce ita babu inda za ta, in riƙa tafiya Litinin ina dawowa Juma'a kamar yadda kowa yake yi. Ni kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 nake tsoron duk abin da zai haɗa ni da hanya kowane mako, ga tukunya biyu. Don Allah wanda ya taɓa zama a gari irin Dutse, Azare ko Funtuwa, wanda ya wuce ƙauye amma bai kai Kano ba, ya faɗa mini gaskiya.

Ma'aikaci a Dutse: Wa alaikumus salam. Malam, ni na zo garin nan ne bayan an buɗe jami'ar tarayya a 2011, kuma da iyalina na taho. Abin da na fara samu shi ne lokaci. Daga gida zuwa ofis minti goma, da rana in dawo in ci abinci mai zafi, in ɗauko yara daga makaranta da kaina. A Kano sai in yi kwana uku ban ga ƙaramar 'yata ido biyu ba. Kuɗin da nake biya na ciki da falo a can, a nan ya kama mini gida mai ɗaki uku har da filin da na sa zogale da kaji.

Amma ka san tun 1991 aka ƙirƙiro Jigawa, har yau ma'aikata da yawa ba su yarda nan gida ba ne. Ana sallame Juma'a za ka ga motoci sun yi jerin gwano ta Shuwarin, wasu Kano, wasu Haɗeja, wasu Gumel. Ranar Asabar sai ka ji garin tsit. Sannan akwai kalmar da za ka haddace: "sai an aika Kano". Motata ta taɓa kwana huɗu a gareji saboda wani ɗan ƙarfe da bai kai yatsa ba, sai da bakanike ya ba direba kuɗi a tasha aka sayo a Ƙofar Ruwa, aka kawo ba shi ba, aka sake mayarwa.

Maman 'yan biyu, Azare: Baban yara, ka ba Hajiya wayar ta karanta wannan, don ku maza lissafin haya da mai kawai kuke yi. Ni 'yar Kaduna ce, aure ya kawo ni. Abin da ya fi ba ni wahala ido ne. Watana biyar da tarewa na shiga wani kemis na sayi abin gwajin ciki, ko maigidan ban faɗa wa ba. Wallahi ban gama cire hijabi ba surukata ta kira, wai "Allah ya raba lafiya". Ashe yaron kemis ɗin ƙanin matar ɗan'uwanta ne. Ranar na yi kuka kamar me. A Kaduna wa ya san ka, balle ya san abin da ka saya? A nan in kika sake labule an sani, in kika kwana biyu ba ki je barka ba an sani, in maigida ya dawo da leda ma sai an ƙiyasta abin da ke ciki.

To amma bari in faɗi ɗaya gefen, kada in ci amana. Wani dare Hassan ya kama zazzaɓi har ya fara sanƙarewa, babansu yana Bauchi. Ihu ɗaya na yi. Kafin in nemo mayafi maƙwabcinmu ya tayar da mota, matarsa ta saɓa Hussaini a baya, wata tsohuwa da ko gaisuwar kirki ba ma yi ta zauna mini gadin gida har asuba. A asibiti wata ma'aikaciya ta dube ni ta ce "ba ke ce surukar Hajiya wance ba?", ta karɓe shi da hannunta. Idon nan da nake kuka da shi, shi ne dai. Har yanzu yana ba ni haushi, sai dai na daina cewa zan gudu.

Mai atamfa, Gusau: Maman 'yan biyu kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ki ƙara da bashi. Ina saro kaya daga Kwari, a ɗoro mini a mota. Duk wadda za ta ɗauki turmi ko ƙawar yayarki ce ko matar abokin maigida, ba ki isa ki hana ba, ba ki isa ki je karɓa da ɗaure fuska ba. Littafina ya fi shagona kaya.

Ɗan Funtuwa: Ni dai a wurina matsalar aiki ce. Mai albashi irinka zai ji daɗi, don abinci na da sauƙi, masara daga Dandume take fitowa, a bakin gona kake saye. Amma da ka gama karatu sai ka rasa inda za ka kai takardunka. Iyayenmu sun ci albarkacin auduga da masaƙa da jirgin ƙasa, mu kuwa in ba koyarwa a makarantar kuɗi ba sai kasuwa ko Adaidaita. A 'yan ajinmu na sakandare waɗanda suka rage a gari ba su cika hannu biyu ba, sai da Sallah ake haɗuwa. Ga hanya: in la'asar ta yi ban kama hanyar Gusau ba, na haƙura sai gobe. Ku ta wajen Dutse Allah ya sauƙaƙa muku wannan.

Bamaraɗe: Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan Maraɗi namu "sai an aika" kashi biyu ne. Takarda ta gwamnati sai Yamai, tahiya ce ta sama da kilomita 600, wuni guda cikin mota. Kayan kasuwa kuwa Katsina da Kano sun hi muna kusa. Da aka ruhe iyaka bayan juyin mulkin 2023, aka yanke muna kuran, wato wutar lantarki, da ke zuwa daga wajenku, nan muka gane gari irin namu da igiyar wasu yake shan ruwa. Duk da haka na yi shekara ukku a Yamai, kuɗɗin haya suka koro ni. Nan kabu-kabu guda ya kai ka ko'ina.

Ma'aikaci a Dutse: Na manta ban faɗa ba, Malam. In akwai mai ciwon da yake ganin ƙwararren likita a gidanka, ka yi tambaya tukuna. Haihuwa, zazzaɓi, ƙaramar tiyata duk ana yi a nan. Amma da mahaifiyata ta samu matsalar ido, takarda aka rubuta mana zuwa Kano, muka yi ta zirga-zirga wata uku.

Magidanci daga Rijiyar Zaki: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ba ta ta karanta. Duk cikin bayanan nan labarin kemis kawai ta riƙe, ta ce "ka ji ko?". Amma da ta kai wurin Hassan ta yi shiru. Ta yarda mu je mu duba gida. Wace unguwa ce ba ta da matsalar ruwa, kuma wace rana ta fi dacewa mu zo?

Ma'aikaci a Dutse: Ku fara da Takur da Gida Dubu, kuma kada ka tambayi dillali maganar ruwa, ka tambayi mai shayin layin. Rana kuwa ku zo Asabar, lokacin da kowa ya watse. In Hajiya ta ga garin a haka ba ta ce a juya ba, ka biya kuɗin haya. Ku sauka a gidana, za a ɗora sanwa da ku.